Ɗan Siriya da ɗan Senegal a ƙasar waje: wa ya fi samun rufin asiri?

  Waɗanda data ba ta bari su saurari shirin, ga shi nan a rubuce kamar yadda muka saba.

Yau zancen zaman ƙasar waje za mu yi, amma ba namu ba. Al'umma biyu na ɗauko, 'yan Siriya da 'yan Senegal, na ce bari mu ajiye su gefe da gefe mu ga wa ya fi samun rufin asiri a inda ya je. Na san wani zai ce, Malam, me ya haɗa kifi da kaska? Ɗaya yaƙi ne ya kore shi, ɗaya neman abinci ne ya fitar da shi. To ai shi ya sa na zaɓe su. A Berlin, a Milan, a Istanbul, a New York, za ka same su a titi ɗaya, wani lokacin ma a sahu ɗaya a masallaci. Mafi yawansu Musulmi ne, dukansu suna da tsohon tarihin fatauci, dukansu akwai baki a gida da ke jiran abin da za su aiko. Amma idan ka duba aljihunsu, da kuma inda kuɗinsu yake zuwa ya kwana, sai ka ga labari biyu ne daban. Kuma a wannan bambancin akwai abin da ya shafi duk wanda yake zaune yanzu yana lissafin kuɗin biza.

Bari mu fara da 'yan Siriya, don a nan mutane suka fi yin kuskure. Da an ce ɗan Siriya a waje, abin da ke zuwa ran mutum shi ne tanti da layin karɓar abinci. Amma fitar 'yan Siriya kashi biyu ce, kuma tsakaninsu akwai shekaru sama da ɗari.

Kashin farko sun fara fita ne tun ƙarshen ƙarni na 19, lokacin yankin Sham yana ƙarƙashin Daular Usmaniyya. A lokacin ba a raba Siriya da Labanon ba, duk 'yan Siriya ake ce musu, ko da yake da yawansu daga duwatsun Labanon suka fito. Sun tafi Brazil, Ajantina da Amurka, wasu suka sauka a Afirka ta Yamma. A Kudancin Amurka har yau ana kiran zuriyarsu Turkawa, saboda takardun Usmaniyya da kakanninsu suka shiga da su. Mu kuma a nan Kwarori muke ce musu. Kun ga ashe ba baƙinmu ba ne.

Me suka fara yi da suka sauka? Talla. Mutum ya ɗauki akwati a kafaɗa, allura, zare, madubi, yadi, yana bin ƙauyuka yana ba da bashi. Daga akwati sai shago, daga shago sai kanti, daga kanti sai masaƙa. A birnin Sao Paulo, titin kasuwa da ake kira 25 de Março su ne suka raya shi, kuma ɗaya daga cikin manyan asibitocin Brazil sunansa Asibitin Siriya da Labanon, wanda wata ƙungiyar matansu da aka kafa a 1921 ta assasa. A Ajantina kuwa, Carlos Menem, wanda ya yi shugaban ƙasa daga 1989 zuwa 1999, iyayensa daga garin Yabrud na Siriya suka zo. Ku riƙe wannan zancen tallar, za mu dawo kansa.

Kashi na biyu shi ne wanda muka gani da idonmu. Yaƙi ya ɓarke a 2011, mutum sama da miliyan 6 suka tsallaka iyaka. Turkiyya ta karɓi sama da miliyan uku da rabi a lokacin da abin ya fi yawa. Gwamnatin Labanon ta ce miliyan ɗaya da rabi ne a wurinta. Jodan ta yi wa sama da 600,000 rajista. Jamus kuma tana da kusan miliyan ɗaya. Mutane iri ɗaya ne, wasu ma 'yan unguwa ɗaya ne a Halab ko Homs. Amma ku ji yadda ƙasar da mutum ya faɗa ta sauya masa rayuwa.

Wanda ya faɗa Labanon, doka ta taƙaita masa aiki a fanni uku: noma, gini da shara. Ko injiniya ne, ko malamin makaranta ne, iyakarsa ke nan a hukumance. Sai kuma tattalin arzikin Labanon ɗin kansa ya rushe a 2019, bankuna suka riƙe kuɗin mutane, har da na 'yan kasuwar Siriya da suka ɓoye dukiyarsu a can suna ganin sun tsira da ita. Zuwa 2020 da 2021, binciken hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cikin kowane gida goma na 'yan gudun hijirar Siriya a Labanon, tara suna cikin matsanancin talauci. Tara cikin goma fa.

Wanda ya faɗa Turkiyya, nasa da ɗan dama-dama, amma da ƙaya a ciki. Sai a Janairun 2016 aka fito da dokar ba su izinin aiki, kuma da sharuɗɗa: mai kamfani ne zai nema maka, a lardin da aka yi maka rajista za ka yi aikin, kuma 'yan Siriya ba za su wuce kashi 10 cikin ɗari na ma'aikatan wurin ba. Sakamakon haka mafi yawansu aikin bayan fage suke yi, a ɗakunan ɗinki da wuraren gini da gonaki, albashi ƙasa da mafi ƙarancin da doka ta sa, babu inshora. Amma a wannan Turkiyyar dai, masu masana'antun Halab da suka samu suka fito da jarinsu sun sake kafa masaƙu da kamfanonin takalma a Gaziantep, wadda ba ta da nisa da garinsu. Shekaru da dama a jere 'yan Siriya ne kan gaba a cikin baƙin da ke buɗe sababbin kamfanoni a Turkiyya. A Masar ma haka, unguwar 6 ga Oktoba da ke gefen Alƙahira ta cika da gidajen abinci da shagunan kayan zaƙi na 'yan Siriya. Wato a gari ɗaya za ka ga ɗan Siriya mai masaƙa, da ɗan Siriya ɗan shekara goma sha biyu da ke yanke zare a cikin masaƙar.

Sai wanda ya kai Jamus a 2015, lokacin da Angela Merkel ta ce za su iya. Shi ya samu abin da sauran ba su samu ba: takardar zama, darasin Jamusanci na sa'o'i 600 da gwamnati ke tallafawa, kuɗin haya da na abinci kafin ya tsaya da ƙafarsa, makaranta ga yaransa. Abin bai zo da sauri ba. Shekarun farko yawancinsu zaman jira suka yi, kuma da yawa masu digiri sun ƙare a ɗaukar kaya a sito ko tuƙa motar raba saƙo, saboda kafin a amince da takardar karatun waje a Jamus sai mutum ya ji jiki. Amma cibiyar binciken ayyuka ta gwamnatin Jamus ta gano cewa bayan shekara bakwai da isowa, wajen shida cikin goma suna aiki, maza sun haura bakwai cikin goma, mata kuma ba su kai uku cikin goma ba. Likitoci 'yan Siriya a Jamus sun haura 5,000, su ne rukuni mafi girma a cikin likitocin da suka zo daga waje. A 2023 kaɗai 'yan Siriya sama da 75,000 suka zama 'yan ƙasar Jamus.

To idan aka tambaye ni, 'yan Siriya a waje masu kuɗi ne ko talakawa, sai in ce wanne daga ciki? Na asibitin Berlin ko na tantin kwarin Bika? Tazarar da ke tsakaninsu ta fi tazarar da ke tsakanin ɗan Siriya da ɗan Senegal.

Yanzu mu tsallaka Senegal. Mu dai da an ce Senegal, Kaulaha ce ke fara zuwa mana a rai, sai kuma Sadio Mane. Amma ƙasa ce da fita waje ta zama mata kamar sana'ar gado. Bayan yaƙin duniya na biyu, Faransa tana neman ma'aikata, sai mazan kwarin Kogin Senegal, Soninke da Fulanin Futa Toro, suka yi ta tafiya. Su ne masu sharar titi, su ne a masana'antar mota. Suna kwana a gidajen ma'aikata, maza zalla, gado a kan gado. A 1974 Faransa ta rufe ƙofar ɗaukar ma'aikata daga waje, a 1986 ta sa biza. Sai hanya ta karkata zuwa Italiya, Sifaniya da Amurka. Fari ya kashe noman gyaɗa, sannan a Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi a dare ɗaya. 'Yan uwanmu na Nijar da suka manyanta ba za su manta wannan ranar ba. Daga ranar, duk kuɗin Faransa da ɗan ci-rani ya aiko ya ninka biyu a gida, kuma kowane saurayi ya ga haka da idonsa.

A yau 'yan Senegal masu takarda a Italiya sun haura 100,000, da yawansu a masana'antun arewa, wajen Brescia da Bergamo. A New York akwai yankin da ake kira Ƙaramar Senegal a Harlem, a titi na 116. Amma hoton da aka fi saninsu da shi shi ne saurayi da zani shimfiɗe a bakin titi a Barsalona ko Madrid, jakunkuna da tabarau a kai, igiya a kusurwa huɗu, da ya hango 'yan sanda ya ja igiyar, zanin ya zama ƙunshi, ya ranta a na kare. A Senegal ana kiran irin waɗannan 'yan ci-rani Modu-Modu.

Me ya sa talla? Saboda takarda. Ɗan Siriya da ya kai Jamus, yaƙin ƙasarsa ya sa yawanci an ba shi mafaka. Ita kuwa Senegal, Jamus ta sa ta a jerin ƙasashen da take ɗauka masu zaman lafiya ne, Italiya ma haka, don haka neman mafakar ɗan Senegal da wuya ya karɓu. Zaman lafiyar ƙasarsa ya zama masa cikas a ofishin baƙi. A Sifaniya, wanda ya shiga ba takarda sai ya shekara uku kafin ya nemi a halatta masa zama, sai a 2025 aka rage zuwa biyu. A waɗannan shekarun doka ba ta yarda ya yi aiki ba, ciki kuma bai san doka ba. A Maris na 2018 wani mai talla, Mame Mbaye, ya faɗi ya rasu a unguwar Lavapiés ta Madrid, bayan ya shekara sama da goma a Sifaniya ba tare da ya samu takarda ba, har aka yi tarzoma a unguwar.

Idan albashi kaɗai za mu duba, ɗan Siriyan Jamus ya wuce wannan saurayin nesa ba kusa ba. Amma ɗan Senegal yana da abu biyu da yawancin 'yan gudun hijirar Siriya ba su da su.

Na farko, tsari. Da yawa daga cikin Modu-Modu mabiya ɗariƙar Muridiyya ne, ta Shehu Ahmadu Bamba, wanda ya kafa garin Tuba a 1887, Faransawa suka kai shi gudun hijira Gabon a 1895, ya rasu a 1927. Ɗariƙa ce da ta ɗauki neman na kai da muhimmanci sosai. Duk garin da suka je sai sun kafa da'ira, su suna cewa dahira. Ana haɗuwa a kai a kai, a yi karatun ƙasidu, kowa ya ajiye abin da ya samu a asusu. Sabon zuwa ba ya kwana a tasha. Za a ba shi katifa a ɗakin da mutum shida ko takwas suke, a ci abinci a kwano ɗaya, wani babba ya ba shi kaya bashi, a nuna masa kusurwar da zai tsaya da kalmomi goma na yaren garin da za su ishe shi ciniki. Idan ya yi rashin lafiya asusu ya ɗauka. Idan ya rasu, asusu ya mayar da gawarsa gida. 'Yan Tijjaniyya ma suna da nasu da'irorin, mutanen kwarin kogi kuma suna da ƙungiyoyin ƙauye da suka gina rijiyoyi da makarantu da ɗakunan shan magani a garuruwansu. Abin da gwamnatin Jamus ta yi wa ɗan Siriya da kuɗin haraji, shi 'yan Senegal suke yi wa junansu da kuɗin tabarau, gwargwadon ƙarfinsu.

Kuma tsarin ba a masallaci ya tsaya ba. A 2015 masu tallar Barsalona suka kafa ƙungiyar ƙwadago tasu, bayan shekara biyu suka fito da tambarin tufafi nasu mai suna Top Manta, wato suka ɗauki sunan da ake yi musu ba'a da shi suka mayar da shi haja. Yanzu suna da shago da ɗakin ɗinki, kuma ta wannan hanya wasunsu suka samu kwangilar aiki da ta ba su takarda. A 2021 wani tsohon masunci kuma tsohon mai talla, Serigne Mbaye, ya ci zaɓen majalisar yankin Madrid.

Na biyu, kuma wannan shi ne zuciyar zancen yau: ɗan Senegal yana da gidan da zai zuba kuɗinsa su tsaya. Abin da mazauna waje ke aikawa Senegal a shekara ya haura dala biliyan biyu da rabi, wajen kashi 10 cikin ɗari na duk abin da ƙasar ke samarwa. Sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957, ba ta motsi. Na san akwai zazzafar muhawara a kan sefa, 'yan Senegal da yawa suna ganin igiyar Faransa ce a wuyansu, kuma suna da hujjojinsu. Amma ga mai aiko da kuɗi, ma'anarta ita ce yuro ɗarin da ya aiko bara da wanda zai aiko bana adadin sefa ɗaya za su ba shi. Zai iya sayen fili, ya sa bulo sahu biyar bana, sahu biyar baɗi, ya dawo bayan shekara goma ya tarar da gidansa da takardarsa. Unguwanni da dama a Dakar da Luga da Tuba da irin wannan kuɗin aka gina su. Tuba, wadda ƙauye ce a da, yanzu ita ce birni na biyu a yawan jama'a. Asibitin Matlabul Fauzaini da ke can, wata da'ira ta mazauna waje ce ta gina shi. Gwamnati ma ta san darajarsu: tun 2017 mazauna waje suna da kujeru 15 a cikin 165 na majalisar dokoki.

Yanzu ku kwatanta da ɗan Siriya a shekarun yaƙi. Kafin 2011 dala ɗaya ba ta kai lira 50 ta Siriya ba. Zuwa 2024 ta haura lira 13,000. Takunkumi ya sa banki ba ya aiki, sai dai a bi ta hannun 'yan hawala. Kuɗin da ya aika, burodi da magani da man janareta suke zama, don Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce kusan tara cikin goma na mutanen da ke cikin ƙasar talakawa ne. Gidan da zai gyara wataƙila bam ya rushe shi, ko wani ya shige, ko takardar filin ta ƙone. Gwamnatin Assad kuwa ba kujera ta ba shi ba, tatsarsa ta yi: fasfo a ofishin jakadanci dala 300, na gaggawa dala 800, saurayin da yake son a yafe masa aikin soja kuma ya biya dala 8,000. Wato likitan da ke Jamus yana iya ninka mai tallar Barsalona albashi sau da yawa, amma shi mai tallar yana da bene hawa biyu a Tuba, likitan kuma gidan ubansa a Homs ya zama kufai. Wa ya fi wani? Ya danganta da inda ka ajiye ma'aunin.

Kada kuma in sa ku ɗauka na Senegal duk zuma ne. Mafi yawan kuɗin da ake aikawa ba gini suke zama ba, kuɗin cefane ne, da ragon layya, da suna da biki da asibiti. Mutum ɗaya a Italiya yana ɗauke da baki ashirin. Ba ya iya tara jari a inda yake, don duk wata sai an kwashe. Ba ya iya komawa makaranta, don ranar da bai fita ba gida ba a ɗora tukunya ba. Ya shekara ashirin a ɗakin haya da maza bakwai, 'ya'yansa sun girma a waya, kuma shekarun da ya yi yana talla babu fansho a cikinsu. Gidan da ya gina kuma, shi ne tallar da ke jan na baya. Yaro ya ga benen maƙwabci, ya ga kifi ya yi ƙaranci a teku saboda manyan jiragen kamun kifi na waje, sai ya hau kwalekwale. A 2006 mutum sama da 31,000 suka isa tsibiran Kanari na Sifaniya ta teku, lokacin da samarin Senegal suke cewa ko Barsa ko barzahu. A 2023 adadin ya kusa 40,000, a 2024 ya haura 46,000, daga ƙasashe daban-daban na yankin. Waɗannan su ne suka isa. Waɗanda teku ta cinye dubbai ne, da yawansu ko gawarsu ba a gani ba. Duk lissafin arzikin 'yan Senegal mazauna waje da bai sa waɗannan a ciki ba, lissafin son rai ne.

Shi ma ɗan Siriya, inda ya yi nasara akwai abin da yake ginawa wanda ba a gani a bulo. Tun da ba shi da inda zai aika kuɗi su tsaya, sai ya zuba su a inda yake: yare, takardar sana'a, shago a titin Sonnenallee na Berlin, karatun yara. Kuma da iyalinsa yake, ba shi kaɗai ba. 'Yarsa da ta shiga Jamus tana shekara bakwai yanzu tana shirin jami'a. Irin wannan jarin a hankali yake nuna kansa, amma jikoki suna cin sa.

A nan ne zan dawo da ku zancen tallar da na ce ku riƙe. A Buenos Aires, a unguwar Once, samarin Senegal sun yi shekaru suna tallar sarƙa da agogo da tabarau a bakin titi. Shekaru ɗari da suka wuce, a wannan ƙasar dai, masu yawo da akwatin allura da madubi 'yan Siriya ne, kuma su ma an raina su, an yi musu ba'a da yarensu. Ɗan ɗaya daga cikin irin waɗannan baƙin ya zama shugaban ƙasa. To me ya bambanta? A wancan lokacin Ajantina da Brazil neman mutane suke yi, ƙofa a buɗe take, mai talla yana iya buɗe shago da sunansa, ya sayi fili, ya kawo matarsa. Kuma yawancinsu sun yanke shawara nan ne gida. Mai tallar yau yana da ƙwazo iri ɗaya, yana da amana tsakaninsa da 'yan uwansa wataƙila ma fiye, amma shekarunsa na ƙarfi suna ƙarewa a jiran takarda, ribarsa kuma tana tafiya gida duk wata.

Abin kuma bai tsaya ba. Gwamnatin Assad ta faɗi ranar 8 ga Disamba 2024, kuma cikin shekara guda mutum sama da miliyan ɗaya suka koma daga waje, yawanci daga Turkiyya, Labanon da Jodan, wato inda zaman ya fi ɗaci. Bankin Duniya ya ƙiyasta sake gina ƙasar zai ci sama da dala biliyan 200. Yanzu ne ɗan Siriya zai fara fuskantar tambayar da ɗan Senegal ya daɗe da ita: in gina a can ko in gina a nan? Asibitocin Jamus kuwa tuni suka fara fargabar kada likitocin su tafi.

To idan kun matsa min sai na ba da amsa, ga ta. A saman tsani, 'yan Siriya sun fi, saboda tsofaffin zuriyarsu na Kudancin Amurka, da masu ilimi da jarin da suka fita da su, da takardar da Turai ta ba su. A ƙasan tsani, 'yan Siriya sun fi shan wuya, don mai tallar Senegal ko ya rasa komai yana da da'ira da ƙasar da zai koma, na tantin Labanon kuwa shekaru goma sha uku ba shi da ko ɗaya. 'Yan Senegal sun fi taruwa a tsakiya: samu kaɗan, haɗin kai mai ƙarfi, dukiya a gida, gajiya a jiki.

Kai kuma da kake sauraro kana tara kuɗin tafiya, ban ce ka je ba, ban ce kada ka je ba, wannan tsakaninka da iyayenka ne. Amma kafin ka tambayi nawa ake biya a awa a can, tambayi wace takarda za ka shiga da ita, kuma shekara nawa za ta hana ka aiki. Tambayi wa zai tarbe ka, ba wanda ya ce ka kira shi idan ka sauka ba, wanda zai ba ka katifa. Duba abin da ke hannunka ko a kanka da za a saya a can. Sannan ka zauna da mutanen gida ku yi magana tun yanzu a kan abin da za ka riƙa aikowa, nawa ne na ci, nawa ne na ajiya, da sunan wa za a rubuta takardar fili. Wannan zaman na ƙarshe shi ne wanda aka fi gudu, don yana da nauyi a baki, amma gara a yi shi a tsakar gida da a yi shi a waya bayan shekara goma.

Nan za mu dakata a yau. Wanda yake zaune a ɗaya daga cikin garuruwan da na ambata, ko yake da maƙwabci ɗan Siriya ko ɗan Senegal, ina son jin abin da idonsa ya gani. Ku tura wa abokin nan naku da kullum zancensa tafiya. Allah Ya rufa mana asiri a gida da waje, Ya jiƙan waɗanda suka rasu a hanya. Sai mun haɗu a shiri na gaba, wassalamu alaikum.